Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

A wannan wata muna so mu yi shawara da ku a kan gudummawar da ƙasashen duniya su kan aika sa'anda babbar masifa ta auko wa wata ƙasa, kamar girgizar ƙasa, ko ambaliya, ko fari da yunwa. Tambayarmu ita ce: in muna ba da taimako duk lokacin da tausayi ya kama mu, ko mun cika abin da Allah ya ke nema a gare mu? Da yawa za su ce, I mana, me ya fi tausayi? Amma bari mu fara duban abu biyu da suka faru kusan a cikin shekara guda, kana mu amsa.

MASIFA BIYU, GUDUMMAWA BIYU

Ran 26 ga Disamba, 2004, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin teku kusa da tsibirin Sumatra na ƙasar Indonesiya. Teku ya taso da igiyar ruwa irin wadda Japanawa su ke kira sunami, ya hau tudu, ya share garuruwan gaɓa a ƙasashe 14. Mutum fiye da 220,000 suka mutu. Duniya duka ta gani a talabijin, gama kwanakin hutun Kirsimati ne, mutane suna gida. Nan da nan hannuwa suka buɗe. Gwamnatoci, da kamfanoni, da Ekklesiyoyi, har da 'yan makaranta suka yi ta zubawa, har abin da aka tara da wanda aka yi alkawarinsa ya wuce dala biliyan 13. A farkon watan Janairu ƙungiyar likitocin nan da a ke kira MSF ta roƙi mutane su daina aiko mata da kuɗin sunami, domin abin da ta samu ya ishe ta aikin da za ta iya yi.

A daminar wannan shekara ta 2004 kuwa, ruwa ya ɗauke da wuri a ƙasar Nijar, ga kuma farin dango sun sauka a gonaki. Tun watan Nuwamba gwamnatin Nijar ta nemi taimako, amma kusan ba wanda ya amsa. Rumbuna suka ƙare, kuɗin gero ya hau, masu dabbobi suka yi ta sayar da su a banza. A watan Mayu, 2005, Majalisar Ɗinkin Duniya ta roƙi dala miliyan 16, makonni suka wuce abin da ya shigo kaɗan ne. Sai a watan Yuli, da 'yan BBC suka nuna wa duniya hotunan yara masu tamowa a kudancin Nijar, kuɗi suka fara zuwa. A lokacin roƙon ya riga ya hau, kafin ƙarshen Agusta ya kai dala miliyan 80 da ɗoriya. Jan Egeland, wanda shi ne shugaban aikin agaji na Majalisar a wannan lokaci, ya ce da an amsa tun farko, da dala 1 a yini ta isa a tsare yaro daga tamowa, amma da aka makara sai an kashe dala 80 kafin a ceci ransa. A shekarar nan MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, da yawa daga cikinsu a yankin Maraɗi. Jinkirin ba daga waje kaɗai ya fito ba, gama shugaban ƙasar na lokacin, Mamadou Tandja, ya tsaya a kan cewa ƙarancin abinci ne kawai, ba yunwa ba.

Masu binciken da suka yi lissafin kuɗin sunami daga baya sun tarar cewa kowane mutum da masifar ta shafa, an tara dominsa fiye da dala 7,000. A shekarar nan kuma aka yi babbar ambaliya a ƙasar Bangladesh, abin da aka tara bai wuce dala 3 a kan kowane mutum ba.

HALIN TAUSAYI

To, me ya kawo wannan bambanci? Kada mu yi saurin cewa masu bayarwa mugaye ne. Wanda ya aika da kuɗinsa ga mutumin da bai taɓa gani ba a Sumatra ya yi abin kirki, ba kuwa za mu rage masa yabo ba. Mutanen Sumatra kuma ba su ci hakkin kowa ba. Tausayi baiwa ce daga wurin Allah. Sau da dama Bishara tana gaya mana Ubangijinmu Yesu ya ga taro ya ji tausayinsu, ya warkar da su, ya ciyar da su. Mutumin da ba ya jin tausayi ya zama kamar dutse.

Amma tausayin ɗan Adam yana da halinsa, wajib ne kuwa mu san shi. Na fari, yana bin ido. Abin da ya faɗo da ƙara cikin sa'a guda, kowa yana gani. Abin da ya ke tafe a hankali kamar gara, yana cin gida daga ciki wata da watanni, ba shi da hoto sai ya gama ɓarna. Fari ba ya rushe bango. Yaro ya kan rame a bayan uwarsa a cikin ƙauyen da mota ba ta zuwa, ba mai ji sai maƙwabta, su ma halin da su ke ciki ke nan.

Na biyu, tausayi ya kan makara. Tun da ya ke yana jiran ya ga wahala, tilas sai wahala ta riga shi zuwa. Bayan ya motsa kuma, sai a tara kuɗi, a sayi hatsi, a ɗora a jirgin ruwa, a sauke, a ɗora a mota, wannan duka watanni ne. Mai jin yunwa kuwa ba ya cin alkawari.

Na uku, tausayi ya kan gaji. Labari ya kan kori labari. Mako biyu ko uku sai ido ya koma wani wuri, alhali wanda gidansa ya rushe yana bukatar shekaru kafin ya tsaya da ƙafafunsa.

Saboda haka muna cewa tausayi abu ne mai kyau, amma bai isa a ɗora masa ran mutum ba. In ran yaro ya rataya a kan ko mai ɗaukar hoto ya biyo ta ƙauyensu, ashe an mai da ransa abin caca.

KYAUTA CE, KO HAKKI?

A nan ne gindin maganar ya ke. In gudummawa kyauta ce kurum, to, mai kyauta yana da iko ya ba wanda ya ga dama, ran da ya ga dama, ba mai tuhumarsa. Amma in hakki ce, watau abin da mabukaci ya ke bin mu a gaban Allah, to, ba mu da ikon jira sai ranmu ya motsa. Wanda a ke bi bashi ba ya cewa, Yau ba na jin biya.

Me Littafi Mai Tsarki ya koya? A cikin Kubawar Shari'a 14:28-29 an umurci Isra'ila su fitar da zakkar amfanin gona ta kowace shekara ta uku, su ajiye ta a cikin garuruwansu, domin Balawi, da baƙo, da maraya, da gwauruwa. Ku lura, ba a ce su jira sai gwauruwa ta zo ƙofa tana kuka ba. An yanka lokaci, an yanka ma'auni, an ajiye abin tun ba a san sunan mai ci ba. Haka kuma kalar gona: Shari'a ta hana mai gona ya girbe gefen gonarsa ƙaf, gama abin da ya ragu rabon matalauci ne da baƙo. Ruth ba bara ta yi a gonar Bo'aza ba, abin da Allah ya ba ta ta tsinta.

Manzo Bulus kuma, sa'anda ya ke tara gudummawa domin tsarkaka na Urushalima, ya bayyana wa Korintiyawa dalilin a cikin wasiƙarsa ta biyu, sura 8. Abin da ya ke nema daidaitawa ce, domin yalwar waɗansu a yau ta rufe rashin waɗansu, gobe kuwa a juya. Ya tuna masu da manna a jeji, yadda wanda ya tara da yawa da wanda ya tara kaɗan duka suka ƙoshi. Ashe abin da ya yi mana rara a shekarar albarka ba namu ba ne duka, ajiya ce aka ba mu.

Akwai masu cewa masifa horo ce daga Allah, wanda ta sama shi ya jawo wa kansa. Ubangijinmu ya riga ya rufe wannan ƙofa a cikin Luka 13, inda ya yi zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Ba aikinmu ba ne mu auna zunubin wanda ruwa ya ci gidansa. Aikinmu mu kai masa bargo da hatsi.

MUTANEN ANTAKIYA

Gudummawa ta fari da wata Ekklesiya ta aika wa 'yan'uwa na wata ƙasa, labarinta yana cikin Ayyukan Manzanni 11:27-30. Wani annabi mai suna Agabus ya zo Antakiya, ya faɗa ta wurin Ruhu za a yi babbar yunwa, ta kuwa auku a zamanin Kaisar Kalaudiyas. Masu bi na Antakiya suka ƙudura kowa ya bayar gwargwadon ƙarfinsa, suka aika wa 'yan'uwa na Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu. Abin da ya kamata mu riƙe shi ne, faɗakarwa suka ji suka tashi. Ba su ce, Bari mu ga gawa tukuna ba.

A zamaninmu Allah ya ba mutane ilimin da su ke iya faɗakarwa da shi. Akwai masu auna ruwan sama, da masu duban gonaki daga sararin sama, da masu bin kuɗin hatsi a kasuwanni, da masu auna damtsen yara a asibiti. Ba annabawa ba ne, su kan yi kuskure, amma sau da yawa su kan ga yunwa tafe tun da sauran watanni. Abin da ya ke da wuyar samu yanzu shi ne mutanen Antakiya.

Ku dubi ƙasar Somaliya. Tun cikin 2010 masu aunawa suka yi ta faɗakarwa cewa damina ta ɓaci, in wata ta sake ɓaci za a yi mutuwa. Manyan kuɗi ba su motsa ba sai da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi shelar yunwa ran 20 ga Yuli, 2011. Gaskiya ne yaƙi ma ya tare hanyar masu kai agaji. Duk da haka, da aka ƙidaya daga baya sai aka tarar mutum wajen 260,000 sun mutu, rabinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5, wajen rabin matattun kuma sun riga sun mutu kafin a yi shelar. Wannan shi ne Hausawa su ke kira ihu bayan hari.

INDA AKA YI SHIRI

Domin kada a ce magana ce kawai, bari mu nuna abin da shiri ya yi a inda aka gwada shi.

A watan Nuwamba, 1970, guguwar teku ta faɗa wa ƙasar da a yau a ke kira Bangladesh, ta kashe mutum 300,000 ko fiye. Bayan wannan, a 1972, aka kafa aikin shirin guguwa, wanda gwamnati da ƙungiyar Red Crescent su ke riƙe da shi tare. Aka koya wa dubban mutanen ƙauye, maza da mata, yadda za su kafa tuta su zaga da lasifika suna faɗakar da jama'a. Aka yi ta gina ɗakunan mafaka a kan dogayen ginshiƙai, waɗanda a kwanakin lafiya makarantu ne. Abin bai kammala a rana ɗaya ba, gama guguwar 1991 ta kashe wajen mutum 138,000. Amma ta 2007 ba ta kai 5,000 ba. A 2020 kuwa, da guguwar Amphan ta taso, aka kwashe mutum fiye da miliyan 2 zuwa mafaka, waɗanda suka mutu a ƙasar ba su kai 50 ba. Teku bai sake hali ba, mutane ne suka sake nasu.

Bayan darasin shekarar 2005, Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe babban asusun agajin gaggawa a watan Maris, 2006. Ƙasashe su kan zuba kuɗi a ciki tun masifa ba ta auku ba, domin in ta auku a fitar cikin 'yan kwanaki, ba sai an zaga da ƙoƙon bara ba. An kuma keɓe wani kashi domin wuraren da duniya ta manta da su. A watan Yuli, 2020, aka fitar da kuɗi daga asusun nan aka ba iyalai a Bangladesh tun kogi bai gama cika ba, suka sayi abinci, suka kau da dabbobinsu zuwa tudu.

A nan Afirka ma, Tarayyar Afirka ta kafa hukumar inshorar fari a 2012. Ƙasa ta kan biya kuɗi kowace shekara, in ruwan sama ya kasa ma'aunin da aka yarda da shi sai a biya ta. A farkon 2015, bayan daminar 2014 ta ɓaci, aka biya Senegal da Mauritaniya da Nijar dala miliyan 26. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Adashi ne na ƙasashe, sai dai mai kwasa shi ne wanda masifa ta sama.

ABIN DA WAƊANSU ZA SU CE

Wani zai ce, Ai Ubangiji ya hana mu damuwa da gobe, ya kuma kira mai arzikin nan da ya rushe rumbunansa ya gina manya wawa. Gaskiya ne. Amma ku duba Luka 12 da kyau, mutumin nan domin kansa kaɗai ya tara, zancensa duka ni da raina ne. Yusufu ma ya gina rumbuna a Masar, ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasa har shekara bakwai, ta wurinsa kuwa Allah ya ceci Masarawa da gidan Yakubu. Rumbu ɗaya ne, abin da ya raba su shi ne wanda aka tara dominsa.

Wani zai ce, In an kashe kuɗi saboda faɗakarwa, masifar kuwa ba ta zo ba, ba an yi hasara ba? Haka ne, wani lokaci za a yi hasara, kada mu ɓoye wannan. Amma ku auna hasarar biyu. In an yi sauri masifa ba ta zo ba, abin da aka rasa kuɗi ne, su ma hannun matalauta suka shiga. In an yi jinkiri masifa ta zo, abin da aka rasa mutane ne. Wane magidanci ne ya ke baƙin ciki domin ya gyara jinka, ruwa kuwa bai yi ƙarfi a wannan damina ba?

Wani zai ce, Bayarwar da aka tsara da lissafi ba ta da zuciya a ciki. Mu kuwa muna gani ita ta fi nuna ƙauna. Uwa ba ta jira sai ɗanta ya suma kana ta ɗora tukunya. Bulus, wanda ya koya mana Allah yana son mai bayarwa da murna, shi ne kuma ya umurci Korintiyawa kowa ya riƙa ware wani abu a ranar fari ta kowane mako, domin kada sai ya zo a fara tarawa (1 Korintiyawa 16:1-4). Basamariyen nan na misali, bayan tausayi ya kama shi a hanya, bai tsaya nan ba. Ya bar dinari biyu a hannun mai masauki, ya kuma ɗauki alkawarin biyan sauran in ya komo. Tausayi ne ya sauko da shi daga kan dabbarsa, amma alkawari ne ya riƙe majinyacin bayan ya tafi.

Wani kuma zai ce, Inda kuɗi suka taru, nan ɓarayi su ke taruwa. Wannan magana tana da nauyi, gama mun sha jin hatsin agaji ya ɓulla a kasuwa. Bulus ma ya san haka, shi ya sa bai yarda ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba. Ya sa Ekklesiyoyi su zaɓi mutanen da za su raka gudummawar, domin kada kowa ya sami abin zargi. Maganin sata shi ne idanu da yawa, da lissafi a fili. Amma kada tsoron ɓarawo ya sa a ture masu gida. Bayan girgizar ƙasar Haiti ta ran 12 ga Janairu, 2010, wajen kashi 1 cikin 100 ne kawai na kuɗin agajin gaggawa ya bi ta hannun gwamnatin ƙasar. A taron Istanbul na 2016 manyan masu bayarwa suka yi alkawari kashi 25 cikin 100 zai riƙa zuwa ga ƙungiyoyin gida kafin 2020, shekarar ta zo ta wuce ba a kai ko kusa ba. Alhali mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo, maƙwabci kuma shi ne ya kan fara tono mutum daga ƙarƙashin bango tun jirgin sama bai sauka ba.

MU FA?

Saura magana guda, ita ce ta fi kusa da mu. Wani zai ce, Mu matalauta ne, wannan zancen Turawa ne da masu arziki. 'Yan'uwa, Ekklesiyoyin Makidoniya suna cikin matsanancin talauci suka roƙi Bulus ya bar su su sa hannu a gudummawar Urushalima. A 1847 kuma, mutanen kabilar Choctaw na Amurka, waɗanda ba a daɗe da korarsu daga ƙasar kakanninsu ba, suka ji labarin yunwa a ƙasar Ayalan, suka tara 'yan kuɗinsu suka aika. A 2020, da annoba ta tsananta a kan kabilun Navajo da Hopi, dubban mutanen Ayalan suka aika da gudummawa suna ambaton wancan alheri. Lalle alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Ban da wannan, hannun da mu ke dogara gare shi yana janyewa. A 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta roƙi fiye da dala biliyan 50 domin agaji a duniya duka, abin da ta samu bai kai rabi ba. A 2025 gwamnatin Amurka, wadda kafin lokacin ta fi kowa bayarwa, ta rufe hukumarta ta USAID, waɗansu ƙasashen Turai kuma suka rage nasu. Masifa kuwa ba ta ragu ba. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan 1 da gidajensu. A watan Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Muna da ikon gaya wa ƙasashe masu arziki su cika alkawarinsu, mu kuma gaya wa gwamnatocinmu su cika rumbunan ƙasa, su gyara madatsun ruwa tun ba su ɓalle ba. Amma bakinmu zai fi nauyi in mu ma muna yin abin da mu ke faɗa.

Kakanninmu sun san rumbun tsimi, wanda ba a taɓa shi sai shekarar wahala. Ga shawararmu ga dattawan kowace Ekklesiya.

Na ɗaya, a lokacin baikon godiya na kaka, sa'anda hatsi ya ke da araha, a ware wani kashi da aka yarda da shi, ko mudu ɗaya cikin goma ne, a sa a rumbun Ekklesiya. Masu albashi da 'yan kasuwa su ba da nasu da kuɗi. Kowace shekara a fitar da tsohon hatsi a maye da sabo, domin kada ƙwari su cinye.

Na biyu, kada a taɓa wannan ajiya domin gini, ko biki, ko sallamar baƙo, ko da pastor ne ya roƙa.

Na uku, a zaɓi mutum uku masu riƙon amana, ɗaya daga cikin zumuntar mata, kada a buɗe rumbu ko a fitar da kuɗi sai suna tare. A karanta lissafi a gaban jama'a sau biyu a shekara.

Na huɗu, a yanka tun yanzu abin da zai sa a buɗe. Kowace shekara hukumomin gwamnati su kan sanar da wuraren da ambaliya za ta iya shafa. In sanarwa ta zo, ko damina ta ɓaci, ko kuɗin mudu ya ninka, a tashi a lokacin, kada a jira sai yara sun fara kumburi.

Na biyar, a ba mabukaci saboda bukatarsa, ko Kirista ne ko Musulmi ko mai bin addinin gargajiya. Ruwa ba ya tambayar addini kafin ya shiga ɗaki, mu ma kada mu tambaya. Kada kuma a mai da hatsi ƙugiya, a ce sai mutum ya shiga sujada kafin a auna masa.

Na shida, a keɓe wani kashi domin mutanen nesa da ba za mu taɓa ganin fuskarsu ba, a aika ta hannun majalisar Ekklesiyoyinmu. In za a zaɓa, a fara tambaya, Ina ne a ke shan wahala ba mai magana a kai?

Ba mu ce wannan zai maye gurbin biliyoyin da aka rage ba. Ekklesiyar ƙauye ba za ta iya ciyar da ƙasa ba. Amma za ta iya riƙe gida goma har wata biyu, wata biyun nan kuwa sau da yawa su ne tsakanin rai da mutuwa, tsakanin wanda ya sayar da gonarsa da wanda ya sake shuka ta. Ekklesiya ɗari in suka yi haka, gida dubu ke nan.

Allah da kansa bai jira sai mun yi kuka ba kana ya shirya mana ceto, tun kafin kafawar duniya ya shirya shi cikin Kristi. In mu 'ya'yansa ne, sai mu ɗauko halinsa. Kaka tana tafe. Bari dattawa su zauna a kan wannan magana tun hatsi bai shiga gida ba. Ubangiji ya ba mu zuciya mai tausayi, da hannu mai shiri. Amin.